Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka sayi mota a Bauchi

Tun daga 2023 sayen mota ya zama shawarar da magidanci ke kwana yana juyawa a ransa. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki kaɗan, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta kai 1,500 da ɗoriya a shekarar da ta biyo baya. Mota da kayan gyaranta kuwa da dala ake shigo da su. Shi ya sa idan ka ratsa Fadaman Mada ko Yelwa za ka ga motoci lulluɓe da tamfol a ƙofar gidaje, masu su sun koma kan babur.

Na riƙe motoci a garin nan, daga Golf zuwa Honda zuwa Corolla, kuma na tabbatar cewa kuɗin da ka miƙa ranar ciniki somin-taɓi ne. Abin da motar za ta riƙa ci daga aljihunka wata bayan wata shi zai nuna ko ka dace.

## Me ya sa kusan kowa tsohuwar mota yake saye?

Da ba haka abin yake ba. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Bauchi ma ta samu rabonta: a ƙarshen shekarun 1970 aka buɗe kamfanin Steyr, haɗin gwiwa da mutanen Ostiriya, ana harhaɗa manyan motoci da taraktocin noma. Lokacin jihar ba ta daɗe da samuwa ba, don a 1976 aka ƙirƙire ta, ma'aikata na ta tururuwa zuwa sabuwar hedikwata, kuma mai matsakaicin muƙami kan karɓi rancen mota ya fito da Peugeot 504 sabuwa fil, kujerunta da leda.

Mahaifinmu yana da irinta. Abin da na fi tunawa shi ne yadda ba ta taɓa kwana a gareji don rashin kayan gyara ba. Ko a Darazo ta tsaya, ko a Ningi, akwai bakaniken da ya san cikinta kamar yunwar cikinsa, kayan kuma daga Kaduna suke zuwa.

Shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida a 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, masana'antun suka yi ta ja da baya. Daga nan tsofaffin motocin Turai suka cika giɓin, daga baya na Amurka suka biyo sahu. A wancan lokacin yawancinsu a tashar jirgin ruwan Kwatano ake sauke su, wasu su bi ta Nijar har Maraɗi, su gangaro ta Katsina da Kano. Ko da yake kamfanin Dangote ya farfaɗo da harhaɗa Peugeot a Kaduna a 2022, farashin sabuwa ba na malamin makaranta ba ne.

## 'Yar Kwatano ko ta hannu?

Mutane na ɗauka duk motar da ba a taɓa hawanta a Najeriya ba lafiyayya ce. Wannan zato ya jefa da yawa cikin asara. Motoci masu yawa daga Amurka a gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, bayan sun yi haɗari ko ruwa ya cinye su, sai a gyara jikinsu a fesa fenti. Ana kuma juya lambar da ke nuna tafiyar da mota ta yi.

Kusan kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba wajen direba. Idan daga Amurka ta fito, da wannan lamba za a iya binciko tarihinta a intanet, wani lokaci har da hotonta ranar da aka yi gwanjonta. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa ko busasshen laka. Ka kunna makulli ba tare da ka tayar da injin ba: fitilun gargaɗi su kama gaba ɗaya, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa cire ta aka yi don a ɓoye matsala. Ka guji motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, kuma juyen da ake yi a gareji ba abin da za ka ɗora ran iyalinka a kai ba ne.

Ta hannu, wato wadda wani ya hau a nan gida, ta fi sauƙin kuɗi, kuma yanzu ita ce kasuwa. Amfaninta guda: kana iya sanin mai ita. Motar ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin gida da sakatariya daban take da wadda ta yi shekaru tana jigilar fasinja zuwa Jos, ko da shekarar ƙirarsu ɗaya. A ganina ta hannu da ka san tarihinta ta fi 'yar Kwatanon da ba ka san komai a kanta ba. Sai dai ka sa a duba salansa, domin akwai abin tace hayaƙi a ciki, wanda kanikawa ke kira indomi, ana yawan sace shi saboda tsadarsa, kuma motar da aka cire wa shi takan canza ƙara, hayaƙinta ya yi wari.

## Takardu

Nan ne mai gaggawa ke faɗawa rami. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma fasa-ƙwauri bai tsaya ba, kuma da shi ake samun takardun kwastan na bogi. Motar na iya shekara a cikin gari ba wanda ya tanka, ranar da ka ɗauki hanyar Kano ko Abuja a karɓe ta a shinge. Hedikwatar shiyya ta hukumar kwastan a nan Bauchi take, don haka babu dalilin biyan kuɗi kafin a tantance takardar. Dillali la'adarsa yake nema, idan ya ce maka “Alhaji, takardu ba matsala,” ka ce masa to mu je a gani.

A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a canza sunan mallaka. Inshorar da doka ta wajabta wa motar gida ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, tana kuma biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3, muddin ta gaske ce ba wadda aka buga a gindin bishiya ba.

## Ka nemi bakanike kafin ka nemi mota

Wannan ita ce shawarar da na fi ba ta muhimmanci. Kafin ka ƙyalla ido kan wata mota, ka tambayi kanka: wa zai gyara ta a Bauchi, kuma ina kayanta suke? Toyota da Honda da Golf da Peugeot 406 sun cika gari ne saboda kayansu na nan a shaguna, wanda babu kuma a aiko da shi daga Kano ko Jos cikin yini guda. Wani abokina ya sayi wata ƙatuwar motar Turai da araha, kowa na yi masa murna. Wata 'yar na'ura ta lalace a giyarta, motar ta shafe damina guda a kan duwatsu ana jiran saƙo daga Legas, ƙarshe ya sayar da ita a wulaƙance.

Motocin yanzu kwamfuta ke tafiyar da su. Bakaniken da ya ƙware a kafireta, komai kirkinsa, idan ba ya aiki da na'urar gano matsala zai yi ta canza kaya da lalube, kai kuma kana biya. Ka je da naka bakaniken wajen ciniki, ka biya shi ladan dubawa da kanka don kada ya haɗa baki da mai sayarwa. Ku tayar da ita da safe injin na sanyi, ku ɗauki hanyar Dass ko ta Ningi ku ji yadda giya ke shiga, a tsaya a duba ko akwai ɗigon mai.

Akwai ɗabi'u biyu da suka yi katutu a garejinmu, suna kashe injina a hankali. Na farko cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Injin an ƙera shi ne ya yi aiki a wani ma'aunin zafi, idan bai kai ba sai ya ƙara shan mai. Na biyu zuba ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji. Yana haifar da tsatsa ya toshe hanyoyi, ranar da zafin Afrilu ya doshi digiri 40 kana cikin cunkoson Wunti sai allura ta haura, gasket ya ƙone. A lokacin hunturu kuma ƙura na cika matatar iska da wuri, a riƙa duba ta duk juyen baƙin mai.

## Taya da hanya

Taya tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, na gargaɗin a daina amfani da taya bayan shekara huɗu da ƙera ta. Tsohuwar tayar waje kan zo da zane mai kyau alhali robar ta bushe, kuma a kan kwalta mai zafi irin ta hanyar Gombe ko Maiduguri ita ce ke fashewa. Doka ta ƙayyade wa motar gida kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya. Na je ta'aziyyar da ba na son tunawa sanadin taya da gudu, don haka ba na jin nauyin maimaita wannan ga kowa.

## Komawa gas

Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci su yi amfani da iskar gas ta CNG a 2023, kuma gas ɗin ya fi fetur sauƙi nesa ba kusa ba. Kafin ka kashe kuɗin juyawa, ka tabbatar akwai inda za ka riƙa sha a hanyoyin da kake bi, ka kuma san tukunyar za ta cinye rabin but ɗinka. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin saboda tukunyar da aka ƙera a wajen mai walda. Idan za ka juya, ka je cibiyar da hukuma ta amince da ita, ka karɓi takardar shaidar tukunyar.