Jutta Müller: Matar da ta horar da zakarun ƙasar da ta shuɗe

A watan Fabrairun 1988, a birnin Calgary na Kanada, Katarina Witt ta lashe lambar zinare ta gasar Olamfik ta lokacin hunturu karo na biyu a jere, abin da babu macen da ta yi a wasan zamiya kan ƙanƙara na mutum ɗaya tun zamanin Sonja Henie. A bakin filin akwai wata dattijuwa tsaye, fuska ba walwala. Ita ce Jutta Müller, mai horar da Witt, kuma ma'aikaciyar gwamnatin Jamus ta Gabas. Kafin shekara uku su cika, ƙasar da aka ɗaga tutarta a ranar ta daina wanzuwa.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba, ana yin sa ne da takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa. Ɗan wasa na sulalawa kan daskararren ruwa yana bin kiɗa, ya yi tsalle ya juya a iska sau biyu ko uku, ya dira da ƙafa ɗaya, alƙalai kuma su ba da maki. A zamanin Müller akwai wani sashe mai gundura, inda ake zana siffofi irin na lamba 8 a kan ƙanƙara da bakin takalmi, alƙalai su duƙa su duba ko sawun ya hau kan sawu. Sai a 1990 aka soke shi.

An haife ta a Chemnitz ranar 13 ga Disamba, 1928. Ita ma ta yi wasan, kuma a 1949 ta zama zakarar ƙasa a ajin mutum biyu tare da Irene Salzmann. Mata biyu ne suka haɗu saboda yaƙi ya cinye samari, babu abokan rawa. Ta fara da koyarwa a makaranta, ta shiga jam'iyya mai mulki, sannan ta yi karatun horarwa a Leipzig. A tsakiyar shekarun 1950 ta kama aiki a garinsu, wanda hukuma ta riga ta sauya wa suna zuwa Karl-Marx-Stadt a 1953.

Sai an san halin da ƙasar ke ciki za a gane nauyin aikin da aka ɗora mata. Jamus ta Gabas ba ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ba sai 1973, kuma kafin nan ƙasashen Yamma da yawa ba su ɗauke ta ƙasa ba. Shugabanninta suka ga cewa filin wasa ne wurin da dole duniya ta saurari takensu. Suka kafa makarantun wasanni, ana zaɓo yara tun suna ƙanana, mai horarwa na karɓar albashi, ana kuma auna shi da yawan lambobin da ya kawo. Wannan tsarin ne daga baya aka tona asirinsa kan ɗirka wa 'yan wasa magungunan ƙara kuzari, musamman a ninkaya da guje-guje.

Müller ta fara da ta gida. 'Yarta Gabriele Seyfert ta samu azurfa a Grenoble a 1968, karon farko da ƙasar ta fito Olamfik da tawagarta ita kaɗai, sannan ta zama zakarar duniya a 1969 da 1970. Jan Hoffmann ya ci kambun duniya a 1974 da 1980. Anett Pötzsch ta kawo zinaren Olamfik daga Lake Placid a 1980. Sai Witt, wadda ta zo hannunta tana yarinya: zinare a Sarajevo a 1984, zinare a Calgary, kambun duniya huɗu, na Turai shida a jere.

An san ta da tsanani, kuma ba sharri aka yi mata ba. Ita ke zaɓar kiɗa, ita ke duba sutura da gyaran gashi da kwalliya, tana kuma sa ido kan abin da yarinya ta ci da abin da ma'auni ya nuna. A yau da wuya iyaye ko hukumomin wasa su lamunci wasu daga cikin hanyoyin nan. Amma ba tsanani kaɗai ya bambanta ta da sauran ba, domin masu tsanani sun yi yawa a ƙasar. Ita ta gane cewa alƙali mutum ne mai ido da zuciya. Ƙasa mai tinƙaho da ma'aikata da manoma ta wayi gari tana tura wa duniya 'yar wasa mai murmushi da adon fitattun taurari. A Calgary, Witt da Debi Thomas ta Amurka duk sun zaɓi kiɗan Carmen. Thomas ta fi ƙarfin tsalle, amma ta yi tuntuɓe ta ƙare ta uku. Witt ta rage wahalar tsallenta, ta riƙe 'yan kallo har ƙarshe. Har bayan ta zama tauraruwar duniya, Witt ba ta daina kiran malamarta da lafazin girmamawa ba, kamar ɗalibar firamare.

Katangar Berlin ta faɗi a Nuwamban 1989, ƙasashen biyu suka haɗe a Oktoban 1990. Aka rushe tsarin wasannin Gabas, masu horarwa da dama suka rasa aiki, sunan garin ya koma Chemnitz. Müller, mai shekara sittin da 'yan kai, ta tsinci kanta a gefe. Lambobin da suka ɗaga ta jiya su ne yau ake kallo a matsayin shaidar kusancinta da gwamnatin da ta faɗi. A ganina sabuwar Jamus ta yi gaggawa a nan, don ta yar da ilimin da ba ta da irinsa: tun daga 1988 babu Bajamushiyar da ta sake cin zinaren Olamfik a ajin mata.

Da Witt ta yanke shawarar komawa gasa, wurin tsohuwar malamarta ta nufa. Tare suka je Lillehammer a 1994, yanzu da tutar haɗaɗɗiyar Jamus. Witt ta sadaukar da wasanta ga Sarajevo, birnin da ta ci zinarenta na farko, wanda a lokacin ke cikin ƙawanyar yaƙi. Ta zo ta bakwai.

Karramawa ta biyo baya da jinkiri. A 2004 aka sanya sunan Müller cikin jerin gwanayen wasan na duniya, a 2008 kuma Chemnitz ta ba ta matsayin 'yar gari ta musamman. Ta rasu ranar 2 ga Nuwamba, 2023, a Bernau kusa da Berlin, saura makonni shida ta cika shekara 95.