Wayarka ta ce a sabunta ta: a danna ko a ƙyale?

Duk mai riƙe da wayar Android a Binduri ko Bawku ya san saƙon nan da ke faɗowa yana cewa akwai sabuwar manhaja. Da yawanmu turewa muke yi gefe, kuma ban ga laifin kowa ba. Data kuɗi ce, wuta ba ta da tabbas, ga labarin wane da ya danna sai wayarsa ta yi nauyi, batir ya fara zuba kamar tulu mai huji. Mai sayar da albasa da duk cinikinsa ke shiga ta MoMo ba zai so a taɓa masa wayar da ke aiki lafiya ba.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, wannan gardama ta "a taɓa ko a bari" ita ce ke cin masu rubuta manhajar su kansu. A can cikin kowace Android, Tecno ce ko itel ko Samsung, akwai zuciyar manhaja mai suna Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991. Buɗaɗɗiya ce, kowa na iya karantawa ya gyara. Ita ce kuma a cikin yawancin na'urorin raba intanet da kyamarorin tsaro. Kusan duk mako tara zuwa goma ake fitar da sabon zubinta. To wa zai iya bin wannan gudu? Kamfanin waya yakan ɗauki zubi ɗaya ya gina na'urarsa a kai, ya sayar, ya wuce ga ta gaba.

Shi ya sa kowace shekara ake ware zubi ɗaya a ce wannan na dogon zango ne: ba za a ƙara masa sabon salo ba, toshe ɓaraka kawai za a riƙa yi. A 2017 aka kai wa'adin irin wannan zubi zuwa shekara shida, musamman saboda wayoyi. A 2023 aka sanar za a koma shekara biyu, domin masu kula da tsofaffin zubi kaɗan ne, aikin ya fi ƙarfinsu. Nan ne abin ya shafe mu. A zangunanmu waya ba ta mutuwa da wuri. Ta fito daga hannun yaya ta koma ga ƙane, ta je wurin mai gyara a sauya mata gilashi da batir, ta dawo ta ci gaba. Jikin yana nan garau, amma manhajar ta daɗe da zama marainiya.

Kada a ɗauka barin tsohuwa shi ne zaman lafiya. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin intanet da aka bari ba kulawa, aka haɗa su aka riƙa kai hari da su. Ɗaya daga cikin waɗanda abin ya faɗa wa shi ne kamfanin waya na Lonestar a Laberiya, a nan yankinmu na Afirka ta Yamma, har aka ɗaure wani ɗan Birtaniya a 2019 kan wannan aika-aika. Masu na'urorin ba su ma san ana yaƙi da kayansu ba.

Amma gaggawa ma tana da nata tarkon. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano ƙofar sata da aka ɓoye a cikin wata 'yar manhaja mai suna xz. Ta riga ta shiga zubin gwaji na Debian da Fedora. Waɗanda ke kan tsayayyen zubin Debian kuwa ba ta iso gare su ba, saboda can ba a shigar da sabon abu sai ya sha jira.

A ganina, tambayar "sau nawa" ba ita ce babba ba. Abu biyu ake cakuɗawa: sabon salo da toshe ɓaraka. Salo na iya jira shekara. Ɓaraka kuwa ba ta jira. Masu hankali a harkar sun raba su. Yocto, wanda kamfanoni ke gina manhajar na'urori da shi, yana fitar da sabo duk wata shida, amma duk shekara biyu yana ware ɗaya ya riƙe shi shekara huɗu. Su Siemens da Hitachi da Toshiba kuwa, da ke ƙera injinan da ake so su yi shekaru aru-aru suna aiki, sun haɗa kai tun 2016 suna biyan kuɗin kula da wasu zubi har shekara goma. Wato dai dogon zango sai da mai ɗaukar nauyi. Google da Samsung sun yi alkawarin shekara bakwai ga manyan wayoyinsu na baya-bayan nan, sai dai waɗannan ba su ne ake ciniki a kasuwar Bawku ba.

Sai batun dumso. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, na'ura ta zama dutse. Maganin da aka samo shi ne a raba ma'ajiyar gida biyu: a zuba sabuwar manhaja a ɗaya, tsohuwar na zaune a ɗayan, in sabuwar ta ƙi tashi a koma wa tsohuwar. Android ta kawo wannan tun 2016, amma ba kowace waya aka ƙera da shi ba, don haka ni dai ba na danna komai sai batir ya cika.

In za ka sayi waya, sabuwa ko ta hannu, shiga saituna ka nemi bayanin waya, za ka ga ranar da aka yi mata gyaran tsaro na ƙarshe. In ranar ta haura shekara biyu, a bar wa yara ita su yi kallo, kuɗin MoMo kuwa a nema masa wata.