Baƙuwar kaza: yadda za ta saba da gida, ta kuma tsira daga muzuru

Tun da aka rufe ma'adinin COMINAK na Akokan a ƙarshen watan Maris na 2021, gidaje da yawa a Arlit sun koma dogaro da abin da mace ta juya da hannunta. A ranar zubi ba a rasa mai ɗaukar rance ta ce kaji za ta saya. Dabara ce mai kyau. Sai dai ƙa'idar asusu irin ta Mata Masu Dubara, wadda ta faro a Maraɗi tun 1991, ba ta canja ba: kaza ta rayu ko ta mutu, ranar biya tana nan.

Ni kaina na ɗanɗana. Na sayo budurwar kaza huɗu da kuɗin rance, na kwance su a tsakar gida da rana tsaka. Yara suka bi su da ihu don murna. Ɗaya ta haye katanga, har yau ban sake ganinta ba. Wata ta ƙi shiga akurki, ta kwana kan itacen girki, da safe gashi kawai na tarar. Da kuɗin ƙosai na cika wannan bashin.

Laifina ne, don ban duba daga inda suka fito ba. Kajin da ake kawo mana daga kudu sun sha hanya. Daga Agadas kaɗai kusan kilomita 240 ne, balle wadda aka ɗauko tun daga Tawa, ƙafa a ɗaure, cikin zafin mota da girgizar hanya. Irin wannan kazar tana isowa a firgice, ga ƙishirwa. Za ki gan ta ta maƙale a lungu, baki buɗe, ba ta ci, ko kuwa ta dinga neman wurin tsallakewa.

To idan kin kawo ta, kada ki sake ta. Ki kai ta wuri mai inuwa mara hayaniya, ki fara ba ta ruwa mai sanyi, in da hali da ɗan sukari kaɗan. Sai ta huta sannan ki zuba gero ko dusa. Ki bar ta cikin akurki kamar kwana biyar zuwa bakwai. Wannan tsarewar ce ke koya mata cewa nan ne gidanta, kuma kaza inda ta saba kwana nan take komawa da kanta. Ranar da za ki fara sakinta, ki bari sai bayan la'asar, yadda ba za ta yi nisa ba magariba ta kama ta. Mutum ɗaya ya riƙa ba su abinci, lokaci ɗaya, da kira iri ɗaya. Idan za ki kama ta, ki jira dare, ki rungumo ta da fukafukanta a rufe. Mai yawan tashi kuma, a datse dogayen gashin fiffike guda da almakashi, bakin gashin kawai. In ta daina ƙwai na ɗan lokaci kada ki yi saurin kai ta tukunya, gajiya ce da baƙunta.

Mai tsofaffin kaji a gida, ki ware baƙin mako biyu. Na san za a ce ina wurin yake, amma ko kwando ne a ɗaya kusurwar ya fi haɗawa. Annobar kaji da likitoci ke kira Newcastle ta fi shigowa da kazar kasuwa, musamman lokacin sanyi. Bayan mako biyun, ki saka su cikin sauran da dare, da safe faɗan ya fi sauƙi. Ki aje kaskon abinci biyu don kada tsofaffin su hana su ci.

Sai maganar maɓarnata. Da rana shirwa da hankaka ne, kuma ƴan tsaki suke nema. Garinmu ba itatuwa ne da shi ba da uwa za ta ruga da ƴaƴanta, don haka ki yi musu ƴar rumfa ƙasa-ƙasa, ko ki rufe su da ragar waya har su yi gashi sosai. Da dare muzuru ne da karnukan unguwa. Ku da ke bakin gari wajen daji, ku ƙara da dila da yanyawa, waɗanda tona ƙasa suke yi su shiga ta ƙarƙashi. Ki binne gindin ragar kamar kamu ɗaya, ki jera duwatsu a kai. Ƙofa ta zama mai sakata. Dutsen da ake jinginawa, kare na ture shi.

Maciji shi ɓera yake bi, ɓera kuwa ragowar hatsi. Ki kwashe kasko da yamma, ki ɗebe ƙwai kullum, ki toshe duk wani rami da laka. Ki gitta sanda daidai gwiwa su riƙa hawa su kwana. Kada kuma ki tura yaro ya sa hannu cikin akurki a duhu.

Wajen gini, laka ta fi kwano. Akurkin kwano a watan Mayu tanda ne. Ki bar ƴar taga a sama mai raga don iska, in hunturu ya shigo ki rufe ɓangaren iskar da buhu. Akwai kuma abin da ya shafi mu mutanen Arlit kaɗai. A 2003 ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa tare da Aghir in'Man ta nan gari sun auna tarkacen ƙarafa da ake sayarwa a kasuwa, suka sami masu ɗauke da gubar yuraniyom. Ido ba ya ganinta. Tsohon bututu ko tano da ba ki san asalinsa ba, kada ki yi wa kaji kaskon ruwa ko rufi da shi, komai arharsa, tunda ƙwan nan ƴaƴanki za su ci.

Idan kika tashi kika ga gashi a watse, ko tsako ya ɓace da rana, ɓarawon dabba ne, sai ki nemo ta inda ya shiga. Amma in kaji biyu uku suka mutu ba rauni, ga koren zawo, wata wuyanta ya murɗe, wannan ciwo ne. Ki binne gawar da zurfi, kada ki kai sauran kasuwa, ki je wurin ma'aikatan kiwo. Ciwon ba shi da magani sai rigakafi, na allura ko na ɗigawa a ido, kuma ana maimaita shi. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, in an buɗe ta kuma ba ta ajuwa. Shi ya sa nake ganin a zubi mai zuwa kowace ƙungiya ta ƙirga kajin matanta, a haɗa kuɗin kwalba, a sa rana ɗaya kafin sanyi ya shigo.