Ko Kun Sani?

Daga filin jirgin saman Sarkin Musulmi Abubakar III da ke Sakkwato zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda, tazarar ta kai kimanin kilomita 3,700 in an miƙe sak, ta saman Nijar, Chadi, Sudan da Bahar Maliya. Tafiyar awa biyar ce ko ɗoriya: maniyyaci ya karya kumallo a gida, ya yi Magariba a ƙasa mai tsarki. Kakanninmu kuwa a ƙafa da bisa jakai suka ci wannan hanya, wasu har shekaru, suna yada zango su yi noma su tara guzuri.

Wani abin mamaki kuma, a sama Yamai ta fi Abuja kusa da Sakkwato: kimanin kilomita 330, Abuja kuwa kusan 490.