Feshin Barkono a Ƙasar Waje: Kafin Ki Jefa Shi a Akwati, Tsaya Ki Ji

 Kamar yadda muka saba, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta bari su saurara.

Maganar yau daga tsakar gidanmu a Fagge ta taso. Ƙanwata ta samu gurbin digiri na biyu a Ingila. Biza ta fito, an je Wapa an yi canji, an shiga Kwari an sayo atamfofi, saura haɗa akwati. Muna cikin ninke kaya sai ga Umma da wani ɗan gwangwani kamar na turare, wai wani ɗan'uwanmu ne ya kawo mata. Ta miƙa wa ƙanwar tawa ta ce, "Ungo, sa a jakarki. An ce can lokacin sanyi ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, ga ki mace, ga ki ke kaɗai."

Na karɓa na duba, feshin barkono ne. Na ce, "Umma, wannan abin zai iya dawo mana da ita gida tun ba ta shiga aji ba." Ta dube ni ta ce, "Barkonon?"

Wallahi ban ga laifinta ba. Duk wanda ya taɓa tahowa daga Sabon Gari da daddare yana ɓoye wayarsa saboda masu ƙwace, ya san abin da ke ran uwa. Sai dai dokar wannan ɗan gwangwanin tana bin ƙasar da ƙafarka take kai ne, ba ruwanta da kyawun niyyarka.

Bari mu fara da mene ne shi. Sinadarin da ke sa attarugu da barkono zafi, wanda masana ke kira kafsaisin, shi ake tacewa a matse a gwangwani. In aka fesa wa mutum a fuska, idonsa zai rufe da kansa, hawaye, tari, fata kamar an ɗora garwashi, ya ɗauki rabin awa ko fiye kafin ya dawo daidai. Ga mai asma kuwa abin yana iya yin muni sosai. Kada a haɗa shi da barkonon tsohuwa da 'yan sanda ke harbawa a tarzoma, wancan wani sinadari ne daban da ake haɗawa a masana'anta, amma dokokin ƙasashe da yawa a layi ɗaya suke ajiye su.

Matsala ta farko tun a filin jirgi take. Ƙa'idar Ƙungiyar Kamfanonin Jiragen Sama ta Duniya, wato IATA, ta hana fasinja ɗaukar irin wannan feshin kwata-kwata: ba a aljihu ba, ba a jakar hannu ba, ba a akwatin da ake aunawa ba. Dalilin a fili yake, in ya fashe a cikin jirgi ba tagar da za a buɗe. Ke nan tun daga filin jirgin Malam Aminu Kano an fara da kuskure.

To, a ce ya tsallake ya sauka Landan. Nan ne babbar maganar. A Birtaniya, sashe na 5 na Dokar Bindigogi ta 1968 ya sa duk makamin da aka ƙera don fitar da ruwa ko iskar da ke cutarwa cikin haramtattun makamai. Ku lura da sunan dokar fa, ta bindigogi. Mallakarsa laifi ne, sayensa laifi ne, ko da a ɗakinki yake cikin durowa ba ki taɓa fita da shi ba. Mafi girman hukuncin shi ne ɗaurin shekara 10. Ba ina cewa duk wanda aka kama sai ya yi shekara 10 ba, alƙali yana duba yanayi. Amma ga baƙo, ƙaramin hukuncin ma babba ne. Dokar iyakokin Birtaniya ta 2007 ta ce baƙon da aka yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye, asalin hukuncinsa kora ce daga ƙasar. Ko bai kai haka ba, takardun sabunta biza suna tambaya ko an taɓa samun ka da laifi. Ka ga kuɗin makarantar da aka sayar da fili aka biya, ga shi yana rawa saboda gwangwani ɗaya.

Kuma kar wani ya ce ai na gani ana sayarwa a intanet. Mai shagon yana wata ƙasar da aka halatta, kai ne sunanka da adireshinka ke jikin kunshin in jami'an kan iyaka suka buɗe.

Na san Bakano. Yanzu wani yana cewa, "To ni in daka yaji in jiƙa in zuba a 'yar roba mana." Malam, sun riga ka. Akwai wata dokar ta 1953 da ta hana yawo da makami a bainar jama'a, kuma a wurinta makami ya haɗa da duk abin da ka ɗauko da niyyar ji wa wani rauni. Yajin da za ka barbaɗa a shinkafa da wake, abinci ne. Ranar da ka ce wa ɗan sanda "na riƙe ne saboda kariya", da bakinka ka mayar da shi makami.

Mu tsallaka cikin Turai, inda abin ya fi rikitarwa. A Jamus za ka shiga shago ka saya ba tare da lasisi ba, matuƙar an rubuta a jikinsa cewa na korar dabbobi ne. In aka kawo maka hari na gaske ka yi amfani da shi, dokar kare kai tana iya tsaya maka, amma ba a zuwa da shi zanga-zanga. A Faransa ɗan shekara 18 zai iya sayen wanda bai wuce mililita 100 ba, amma fita da shi titi sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma "ina jin tsoro" kaɗai ba lallai ya wadatar ba. A Holan da Beljiyam da Ayilan kuwa, haramun ne ga farar hula.

Ga inda tarkon yake. Ka saya a birnin Kolon na Jamus bisa ƙa'ida, ka hau jirgin ƙasa zuwa Amstadam ko Burasel ziyarar aboki. Sau da yawa ba shinge, ba mai tsayar da kai. Awa biyu zuwa uku, jakarka ba ta canza ba, kai ba ka canza ba, amma ka zama mai laifi.

Akwai labarin da ya zaga duniya a watan Janairun 2016. Wata yarinya 'yar shekara 17 a garin Sondabog na Denmak ta ce wani mutum ya kai mata hari da dare, ta fesa masa barkono ta tsira. Da ta kai ƙara, 'yan sanda suka shaida mata cewa ita ma tana iya fuskantar tara, domin feshin haramun ne a ƙasar. Mutane sun yi ta surutu, amma abin lura a nan: hukuma tana raba tambaya biyu. Kina da haƙƙin kare kanki? Eh. Kina da izinin riƙe abin da kika kare kan naki da shi? Wannan shari'a ce daban.

A Kanada, wanda aka ƙera don mutane haramtaccen makami ne. Ana sayar da na korar dabbar daji ga masu shiga dawa, amma ka sa shi a jaka kana yawo cikin Toronto saboda mutane, ka shiga matsala. A Amurka an halatta a duk jihohi 50, sai dai kowace jiha da sharaɗinta, misali Kalifoniya ta ƙayyade girman gwangwanin, kada ya wuce kimanin giram 70. A Indiya, inda ɗalibanmu na Kano suke da yawa, halas ne, haka ma Afirka ta Kudu.

To me mutum zai yi? Ba za mu ce wa ƙannenmu su zauna hannu rabbana ba.

Na ɗaya, kada ki ɗauko daga gida, ko ina za ki. In ƙasar ta halatta, a can za ki saya.

Na biyu, tambayi masu alhakin sani: shafin 'yan sandan ƙasar, ko ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na jami'arki. Ba guruf ɗin WhatsApp na 'yan gida ba. Dokokin nan suna canzawa, abin da wani ya sani shekara biyar baya yana iya zama tsohon labari.

Na uku, akwai abin da ba ya jawo fitina. A Ingila an yarda da 'yar ƙararrawar nan ta aljihu, wadda in kin ja igiyarta take ƙara har unguwa ta leƙo. Akwai kuma feshin jan launi marar zafi, da ke manne wa maharin kwanaki don a gane shi.

Na huɗu, haddace lamba. Birtaniya 999, kuma in kin kira ta wayar hannu ba halin magana, ki saurari umarni ki danna 55. Ƙasashen Tarayyar Turai 112. Amurka da Kanada 911.

Sannan ku sani, dokar Ingila ba ta ce ka tsaya a doke ka ba. Ta yarda ka kare kanka da ƙarfi daidai gwargwado, har da abin da hannunka ya kai gare shi a lokacin. Abin da ta hana shi ne fitowa daga gida da makami a shirye.

Da na gama wannan bayanin, Umma ta yi shiru ta ce, "Ikon Allah. Garin neman gira a rasa ido." Ta karɓi gwangwaninta ta mayar ɗaki. Ƙanwar tawa kuwa, satin farko da saukarta ta turo hoton ƙararrawar maƙale da makullin ɗakinta. Umma ta sa ta ja igiyar a waya don ta ji da kunnenta, sai da ta janye wayar daga kunne tana salati.

In kuna da ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke haɗa akwati yanzu, ku tura musu wannan kafin su zuge zif. Allah ya tsare matafiyanmu, ya dawo mana da su lafiya da abin da suka je nema. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, wassalamu alaikum.