Tabkin Tila: ruwa a bisa dutse, tafiyar kwana biyu daga Gagamari

Mutumin Gagamari ya san ruwa, amma a ƙasa ya san shi. Komadugu takan iso da damina, ta cika, ta shayar da gonakin tattasai, sa'an nan ta janye da rani ta bar rairayi. In ka tsaya bakin hanyar gudoro ka dubi gabas da yamma, babu abin da ya ɗara goruba tsawo. Shi ya sa ranar da mushenmu na labarin ƙasa a lise ya zana dutse a allo, ya aza masa tabki a ka, ya ce sunansa Pavin, a ƙasar Faransa yake, rabin aji dariya muka yi. Da na kai labarin gida, kawuna, wanda ya tsufa cikin fataucin tattasai tsakanin Diffa da kasuwannin Barno, bai yi dariya ba. Ya ce: « Ɗana, ai ba sai ka je Turai ba. Akwai shi a Biu. In an ba ku hutu, ka ɗauko bargonka. »

Hanya

A hutun watan Disamba na shekara ta 2007 muka tashi. Muka ƙetare kogi cikin kwalekwale, muka shiga Damasak, muka bi ta Gubio da Magumeri har Maiduguri, inda muka kwana wajen mai masaukin kawu. Washegari muka kama hanyar Dambuwa, tafiyar kilomita 180 da ƴan kai zuwa Biu. Mai karatu da ya saba da wannan hanya ya san inda ƙasa take sauya kama: rairayi ya ƙare, mota ta fara nishi, gonaki su cika da baƙaƙen duwatsu waɗanda manoma suka jera kamar katanga domin tare zaizaya.

Tudun Biu, ƙasar Babur da Bura, ya kai kimanin mita 700 bisa teku, wato ya ɗara garin Diffa da wajen mita 400. Masana sun ƙidaya tsofaffin bakunan aman wuta kusan 80 a bisansa. Duk sun daɗe da yin shiru. Tila na ɗaya daga cikinsu, kudu da garin Biu.

Yadda ramin ya samu

Narkakken dutse ne ya taso daga cikin ƙasa ya gamu da ruwan da ke kwance a ƙarƙashi. Uwargida ta san abin da ke faruwa in ruwa ya faɗa cikin tafasasshen mai. Haka ya faru a nan, sai dai da ƙarfin da ya tarwatsa ƙasa ya bar wagegen rami mai siffar ƙwarya, tarkacen da ya fito kuwa ya taru kewaye ya zama ganuwa. Daga baya ruwan sama da na ƙasa suka zauna ciki. Babu kogin da ke fita daga tabkin. Abin da sama ta ba shi da abin da rana ta shanye su ke yanke masa hukunci, saboda haka yakan cika a shekarun yalwa, ya ja baya a shekarun fari.

Hawa da kwana

Kawu bai yarda mu nufi dutsen kai tsaye ba. Baƙo, in ji Hausawa, makaho ne ko da idonsa biyu. Muka fara zuwa ƙofar bulama da goro, kawu ya durƙusa ya ce: « Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Nijar, yaron nan ne ke son ganin ruwa. » Aka haɗa mu da wani saurayi ya yi mana jagora.

Hawan bai yi tsawo ba, amma ga wanda ya girma bisa rairayi, gwiwa ce ke biyan haraji. Tsakuwa tana gangarawa ƙarƙashin ƙafa, kuma takalmin soso da na zo da shi ya tsinke tun kafin rabin hanya, na ƙarasa da na jagoranmu. Tabkin ba ya nuna kansa daga nesa. Sai ka taka bakin ganuwar, sa'an nan ka gan shi gaba ɗaya a ƙasanka, a kewaye, shiru, shanu na gangarawa su sha. Na tuna dariyarmu ta aji, na ji kunya.

Na so mu kwana bakin ruwa. Jagoranmu ya ƙi, ya kawo hujja biyu: sauro, da kadoji. Tun kaka da kakanni, in ji shi, mutanen wurin ba su kashe kadojin Tila, domin dattawa sun ɗauka ransu yana haɗe da na mutane. Ko baƙo ya gaskata ko bai gaskata ba, ba ya jifa, ba ya wanka inda ba a nuna masa ba. Muka shimfiɗa tabarma a sama, bayan wani dutse da ke tare iska, muka ɗaura sange jikin itace, muka dafa shayi da busassun ƙirare. Sanyin hunturu a bisa tudu ya fi na bakin Komadugu cizo. Bargo ɗaya bai isa ba. Da asuba hazo ya rufe ramin, har rana ta ɗaga ba mu ga ruwan ba. Kafin mu sauka, jagoranmu ya zuba ƙasa bisa tokar wutarmu, domin ciyawa a bushe take, kuma ita ce abincin shanunsu har damina.

Wanda zai yi irin wannan tafiya, ga abin da na koya: takalmi rufaffe, ruwan sha daga gari, bargo biyu, sange, fitilar hannu, takardun shaida, da ɗan gari a gaba. A hau da sanyin safiya, a zaɓi wurin kwana tun rana ba ta faɗi ba.

Akwai hujja ta uku ta kwana a sama, wadda duniya ta koya da tsada a Kamaru. A daren 21 ga watan Agusta na 1986, tabkin Nyos, wanda shi ma a bakin tsohon dutsen wuta yake, ya amayar da iskar da ta daɗe tana taruwa a gindinsa. Iska ce mara launi, ta fi wadda muke shaƙa nauyi, don haka ta bi kwari kamar ruwa, ta kashe mutum 1.746 da dabbobi wajen 3.500, da yawa cikin barci. Shekara biyu kafin haka tabkin Monoun ya kashe mutum 37 ta wannan hanya. Zurfin Nyos, fiye da mita 200, shi ya ba iskar wurin ɓuya, kuma ba kowane tabkin dutse ke da wannan hali ba. Tun 2001 aka kafa masa bututu yana fitar da ita sannu a hankali.

Abin da laka ta adana

Tila yana da alaƙa da ƙasarmu wadda ban sani ba sai daga baya. A shekarun 1990, masu bincike na jami'ar Farankfot ta Jamus, tare da jami'ar Maiduguri, sun kafa bututu cikin lakar tabkin suka ciro ta hawa hawa. Kowace shekara ƙurar furen itatuwa tana faɗawa ruwa ta kwanta, ta bana bisa ta bara, kamar takardu cikin akwatin ofis. Ulrich Salzmann ya karanta wannan ƙura, ta Tila da ta kwarurrukan Manga da ke hayin iyaka daura da Maine-Sorowa. Duka biyu labari ɗaya suka bayar: kimanin shekaru 10.000 da suka wuce ruwa ya yalwata, itatuwan da sai kudu ake ganinsu a yau suka tsiro a nan, sa'an nan ƙasa ta yi ta bushewa, har ta ɗauki kamar da muka sani tun shekaru 3.000 zuwa 4.000. A waccan yalwa ne tabkin Cadi ya kai har tudun rairayin da Maiduguri take zaune a kai, filin Diffa kuwa gindin ruwa ne. Jirgin Dufuna, wanda wani makiyayi ya gano a 1987 kusa da Komadugu Gana, mai shekaru wajen 8.000, shaida ne na wancan zamani.

Hanyar da ta toshe

Ban sake komawa ba. Rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri a 2009. A watan Nuwamba na 2014 Damasak ta faɗi, dubban mutane suka ƙetaro kogin da muka ƙetara da bargunanmu, suka zube a Gagamari ba tare da ko tabarma ba. A Fabrairu na 2015 aka kai wa Boso da Diffa hari, aka kafa dokar ta-ɓaci. Iyakar ta sake rufuwa a 2019, da kuma 2023. Fatake sun san abin da suka yi asara a buhu da jika. Akwai wata asara da ba ta shiga littafin duwan: yaran da aka haifa cikin waɗannan shekaru sun tashi suna ɗaukar hayin kogi wurin tsoro kawai, alhali ƙasar kakanninsu ce da kasuwar iyayensu.

Ba na kiran kowa ya ɗauki bargo gobe. Wanda ke da niyya ya tambayi direbobin tasha da hukuma halin da hanya take ciki, ya kuma bi abin da suka ce. Amma malaman makaranta suna iya sa Tila cikin darasi tun yau, kusa da Pavin da Nyos, fatake kuma su ba ƴaƴansu labarin garuruwan da suka sani. Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ɗana na fari ya kai shekarun tambaya, kuma na yi masa alkawarin da aka yi mini. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya buɗe hanya.