Agye, Gazawa, Gidan Rumji: matan gari da nauyin hutu

A ƙasar Maraɗi, in aka ce mace ta yi jiki, yabo ne, kuma rabin yabon na maigidanta ne. Ana duban wuyanta da damatsanta a ce Alhaji ya iya riƙo. Matar da ta rame kuwa, sai a shiga tambaya ƙasa-ƙasa: ko kishiya ce, ko rumbu ne ya ƙare, ko wata cuta ce ake ɓoyewa? Wannan tunani yana da tushe. Gundumomin Agye da Gidan Rumji, har da Gazawa wadda aka cire daga Agye a 2011, suna cikin wuraren da yunwar 2005 ta fi taɓawa, lokacin da gidajen jinyar yara masu tamowa suka cika maƙil. Wanda ya ga wannan da idonsa, da wuya a fahimtar da shi cewa ƙiba ma cuta ce.

Amma alƙalumma ba su san kunya ba. Binciken lafiyar al'umma da gwamnatin Nijar ta gudanar a 2012 ya nuna cewa cikin matan ƙasar masu shekara 15 zuwa 49, wajen kashi 16 cikin ɗari ramammu ne fiye da kima, alhali wajen kashi 18 nauyinsu ya wuce yadda ya kamata, kuma kason waɗannan na biyun ya fi girma a tsakanin matan birane da manyan garuruwa. Binciken STEPS na 2007, wanda aka yi da taimakon hukumar lafiya ta duniya OMS, ya sami hawan jini ga babban mutum ɗaya cikin biyar. Da aka sake shi a 2021, abin ya haura ɗaya cikin huɗu. Wato a kan hanyar kwalta guda, daga Gidan Rumji a ratsa Cadawa da Agye zuwa Gazawa, akwai uwar da ke neman abin da za ta ƙara a tukunya, akwai kuma wadda gwiwa ta hana ta yin sujada sai a zaune. Maganar yau ta ta biyun ce: matar ɗan kasuwa, malamar lakwal, ma'aikaciyar biro, wadda ta ba shekara arba'in baya.

Yaya aka yi aka zo nan? Uwar wannan baiwar Allah, a zamaninta, tana tashi da asuba ta yi sussuka da surfe da daka, ta ja guga a rijiya mai gaba da yawa, ta ɗauko itace, da damina ta noma gayaunarta. Ba ta taɓa jin kalmar motsa jiki ba, domin rayuwarta ce gaba ɗaya. Ɗiyarta ta gari tana da injin niƙa a bakin layi, famfo ko ɗan garuwa a ƙofar gida, ƴar aiki a madafi, kabu-kabu kuma yana kai ta gidan biki ko da taku ɗari uku ne. Babu mai hankalin da zai yi kukan wannan sauƙi. Sai dai jiki bai san an sami ci gaba ba: abin da aka ci ba a ƙone ba, ajiye shi yake yi.

Akwai kuma kulle. Masu bincike biyu, Marthe Diarra Doka da Marie Monimart, sun wallafa wani nazari a 2004 game da kudancin Nijar, inda suka nuna yadda ƙarancin ƙasar noma ke fitar da mata daga gona a jahar Maraɗi, har aka sami abin da ake kira kullen gona. A gidajen attajirai kuwa, zaman mace a ɗaka alama ce ta wadata tun zamanin cinikin gyaɗa. Sai a haɗa da haihuwa: binciken 2012 ya ba macen jahar Maraɗi ƴaƴa takwas da ɗoriya a tsawon rayuwarta. Kowane ciki yana barin ɗan abin da ya bari, kunun kanwa da naman jego su ƙara nasu, kafin jiki ya koma daidai wani cikin ya shiga.

Tsakanin shekara 45 da 55 al'ada takan ɗauke. A wannan lokaci sinadarin da ke tsare ƙashin mace da jijiyoyin jininta yana raguwa, kitse ya bar cinya da ƙugu ya koma ciki, tsoka kuma, wadda tun daga shekara 30 take zaizayewa sannu a hankali, ta ƙara saurin tafiya. Tsoka ita ce murhun jiki. In ta ragu, tuwon da mace ta saba ci tun tana amarya sai ya fi ƙarfin bukatarta, ko da ba ta ƙara loma guda ba. Kitsen ciki shi ne mugun, don shi ke jawo ciwon sukari da hawan jini, su kuma su jawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Ɗan kasuwar da ya taɓa ɗaukar mara lafiya daga Gazawa zuwa babban asibitin Maraɗi, ko ya tsallaka da ita Katsina ko Kano, ya san abin da wannan ke ci a aljihu, ban da abin da yake ci a zuciya.

Abin takaici, wasu da kuɗinsu suke sayen cutar. A teburan masu maganin bakin kasuwa ana samun ƙwayoyi da ruwan magani na sa ƙiba, irin waɗanda ake yi wa laƙabi da “sha ka fashe” a Nijeriya. Wasu na ɗauke da cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi ne mai buɗe ciki. Wasu kuma dexamethasone ne, wanda ke tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska, ya ɗaga sukari da tansiyo, ya rarake ƙashi. Wadda ta daɗe tana shan na biyun kada ta yanke shi rana ɗaya, akwai haɗari babba a yin haka. Likita ne zai rage mata shi kaɗan-kaɗan. A ɗaya gefen teburin kuma ga shayin rage tumbi, wanda sau da yawa filasko ne aka yi wa kwali mai kyau. Zawo yake sawa, ruwa ya fita, sikeli ya yi ƙarya na kwana biyu, kitse yana nan inda yake.

Sanin inda aka tsaya ba ya bukatar na'ura. Likitoci suna raba nauyi da tsawo sau tsawo. Mace mai tsawon mita 1,60, in ta kai kilo 64 ta taka iyaka, in ta kai 77 ta shiga ƙiba ta sosai, in kuma ta gaza 47 abinci take bukata, wannan shafi ba da ita yake ba. Akwai hanya mafi sauƙi: a yanki igiya daidai tsawon mace, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita wajen cibiya. In ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Mai tef ɗin tela ta auna: santimita 80 gargaɗi ne, 88 kuwa magana ta girma.

To, mene ne magani? Shawarar da OMS ta fitar a 2020 ita ce babban mutum ya sami minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Matsakaici yana nufin tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan hau, mace tana iya magana amma ba ta iya rera waƙa. Minti 30 ke nan, kwana biyar, kuma ana iya raba su goma-goma. Shaidar amfanin wannan ta fito fili a wani babban gwaji da aka yi a Amurka, aka bayyana sakamakonsa a 2002: mutum fiye da 3.000 da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, kashi biyu cikin uku mata ne. Waɗanda aka sa su tafiyar minti 150 a mako tare da neman rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, kamuwarsu da cutar ta ragu da kashi 58 cikin ɗari, fiye da waɗanda aka ba ƙwayar magani. Ga mace mai kilo 80, kashi 7 bai kai kilo 6 ba. Ba a ce Hajiya ta koma kamar budurwa ba. Gwiwa ma tana samun rabonta, domin kowane kilo da aka sauke yana rage mata nauyin wajen kilo huɗu a kowane taku.

Wajibi ne a faɗi gaskiyar da masu tallar motsa jiki ba su cika faɗi ba: tafiya ita kaɗai ba ta sauke nauyi da yawa. Abin da rabin awa na tafiya ke ƙonewa, cokali ɗaya babba na man gyaɗa ya kusa mayar da shi, kwalbar lemo guda kuma, mai ɗauke da sukarin da ya kai ƙwaya bakwai, ta mayar da shi duka. Tafiya tana gyara tansiyo da sukari da barci ko sikeli bai motsa ba, amma saukar nauyi daga madafi take farawa. Nan kuwa ƙasar ba ta rasa komai ba. Gero da dawa da wake, zogale da rama da yakuwa, kwaɗo da dambu, duk sun fi farar shinkafa da taliyar da ke iyo cikin mai, waɗanda aka ɗauka su ne abincin ƴan gari. Fura ba ta da laifi sai an cika ta da sukari. Gishiri kuma, OMS ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi yawancinsa gishiri ne.

Saura tambayar da ta fi wuya: a ina? Maraɗi gari ne mai alfahari da wasanni. Filin kokowarta yana ɗauke da sunan Yakuba Ango Kantu, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975. Amma fili na maza ne. Matar aure mai jikoki da aka gani tana sauri a bakin kwalta da sassafe, kafin hantsi labarinta ya kai kasuwa. Saboda haka dole a fara da abin da ke akwai. Tsakar gidan ɗan kasuwa tana da faɗi: zagaye na minti goma bayan sallar asuba, goma da la'asar sakaliya, goma bayan tuwon dare, kuma na bayan abinci ya fi taimaka wa sukari. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, sai a tsaya ga asuba da dare, a sha ruwa. Don tsoka, a zauna kan kujera a tashi sau goma ba tare da dafa hannu ba, a huta, a sake. A jingina tafin hannu ga bango a tura. A ɗaga bido mai lita biyu ko uku. Turmi da taɓarya ma suna nan a bayan ɗaki, kuma daka na minti goma aiki ne na kafaɗa da baya da ciki gaba ɗaya. Mai ciwon gwiwa ta sa takalmi mai taushi, ta fara da minti biyar.

Kafin a fara, a je gidan likita mafi kusa a auna tansiyo, in da hali a auna sukari. Wadda aka samu da 14/9 ko fiye, a awo biyu na ranaku dabam, tana bukatar ganin likita, kuma tafiya ba ta maye gurbin maganin da aka rubuta mata. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan hutu, alamu ne na a dakata a nemi asibiti.

A gidaje da yawa mabuɗin yana hannun mai karanta wannan shafi. Shi ke ba da izinin fita, shi ke kawo cefane, shi ne kuma ke jin kunya in abokai suka ce uwargida ta faɗa. Mace ɗaya tana tafe abin magana ce, amma mata goma masu lulluɓi da suka nufi gidan suna a ƙafa ba wanda zai ɗaga kai. Irin wannan taro ba sai an ƙirƙiro shi ba: ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991 kafin tsarin ya bazu a ƙasashe da dama, suna haɗa mata kowane mako a unguwanni da ƙauyuka. Asusun da ke sayen tukwane da tabarmin haya yana iya sayen na'urar awon tansiyo guda da tef ɗin tela, a riƙa awo ranar zubi. Harabar lakwal kuma, a Tibiri ko Cadawa ko Gangara, fili ne mai faɗi da ke zama babu kowa daga tashin yara na yamma har wayewar gari, kuma darektanta yana iya ba mata aronsa.